Junaidu da Jitar Kotu

Jitar da ta lalata Junaidu, a faɗar mutanen Illela ke nan, ba sayen ta ya yi ba, ba kuma kyauta aka ba shi ba. A ɗakin ajiyar kayan shaida na kotu ya tsince ta, tsakanin wata taɓarya da wani sirdin raƙumi da aka shekara huɗu ana shari'a a kansa. Wani bakanike ne ɗan Togo ya rafka wa wani direban babbar mota ita a ka, a kan wata magana da har aka gama shari'ar ba wanda ya gane kanta. Direban ya warke, bakaniken ya koma ƙasarsu, jita ta zauna da tsaga a ciki da tsirkiya uku.

Uban Junaidu, Malam Maccido, shi ne magatakardan kotun. Basakkwace ne na cikin birni, daga gidan da tun kakanni ba su san wata sana'a ba sai riƙon alƙalami. Aiki ya kawo shi bakin iyaka, ya shekara goma sha biyu a garin bai taɓa taka Ƙonni, garin Nijar da ke tsallake, ba, wai ba shi da abin da ya ajiye can. Mutum ne da in ka ce masa ana ruwa, sai ya tambaye ka wa ya shaida. Da Junaidu ya gama sakandare a 1983, sakamako ya fito ya ci darasi guda, shi ma malamin darasin ya ce bai san yadda aka yi ba, sai uban ya ce ya riƙa bin sa kotu yana share-share da ɗaukar fayil, ko Allah ya sa ya ga mutane ya yi hankali.

Kwana tara ya yi yana aikin. Ran na goma da azahar, kowa ya tafi masallaci, ya naɗe jitar cikin tabarma ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta bayan tasha zuwa shagon Hamidu mai gyaran rediyo.

Hamidu ya girme shi da shekara biyar, ga surutu, ga ƙarfin hali wajen kwance abin da bai san yadda ake mayarwa ba. Ya juya jitar, ya leƙa cikinta, ya ce, "Wagga ai ba ta mutu ba, suma ta yi." Suka liƙe tsagar da ƙaro da ƙyalle. Suka samo tsohuwar wayar birkin babur, suka warware silinta, suka ɗaura uku, tsirkiya ta cika shida. Yadda ake ɗaure su kuwa, wacce ta fi wacce tsauri, ba wanda ya sani cikinsu. Junaidu ya yi ta murɗawa har sai da kunnensa ya ce masa ya yi.

Akwai wani kaset a shagon, wanda aka manta cikin wata rikoda da mai ita bai dawo ba. Ba rubutu a jikinsa. Wasu Turawa ne ke ihu kamar an taka musu ƙafa, ganga na dukan ƙirji, jita kuma tana wani irin kuka mai tsawo da Junaidu bai taɓa jin irinsa ba. Ya ce a maimaita. Aka maimaita sau shida.

"Mi na sunan wanga kiɗi?"

"Rok," in ji Hamidu, kamar shi ya raɗa masa.

Daga ranar Junaidu ya tare a shagon. Mako biyu ana jin ƙarar kamar ana yanka kwano da zarto. Mai shayin da ke gefe ya matsar da teburinsa. Yatsun Junaidu suka fashe, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Ba a daɗe ba magana ta isa kotu, ta bakin wani da ya zo ƙarar maƙwabcinsa a kan akuya, ya ga bai kamata ya tafi bai ƙara da wannan ba.

Malam Maccido ya zaunar da ɗansa a zaure bayan la'asar.

"An ce mani ka zama makaɗi. Gidanmu an yi alƙalai, an yi limamai, an yi mahaukaci guda, amma ba a taɓa yin maroƙi ba."

"Baba, ba roƙo ba ne. Rok ne."

Uban ya dube shi ta saman tabarau. "Harahi guda ya raba su. Shi ma ina zaton mai rubutu ya manta da shi. Gobe ka maida abin mutane inda kaɗ ɗauko."

Junaidu ya sunkuyar da kai ya ce, cikin ladabi, ai ya duba babban littafin kotu, ya ga tun bara an rubuta cewa gara ta cinye jitar, kuma da hannun Baba aka rubuta. Abin da littafi ya ce babu, Malam Maccido ba shi da hanyar karɓar sa ya ajiye. Sai ya yanke hukuncin da ke hannunsa: gobe da safe Junaidu ya tattara ya tafi ƙauyen Tozai wurin Gwaggo Ummu, ya yi noma har a cire amfanin gona.

Gwaggo Ummu yayar uban ce, mijinta ya rasu, tana riƙe da gonakinta da kanta, kunnenta guda ya daina aiki tun wata shekarar sanƙarau. Ta ga yaro ya sauka daga kan babur da tabarma a naɗe da rikodar shagon Hamidu a hammata, ta ce, "Kai ne anka koro? Shigo, tuwo ya kusa."

A noma dai Junaidu bai tsinana komai ba. Kunya biyu yake yi ya nemi inuwa. Amma wata rana da gero ya fara ido, yana zaune gindin aduwa yana fama da jitarsa, Gwaggo ta lura tsuntsaye sun bar gonarta kaf sun koma ta maƙwabta. Ta tsaya ta dubi sama, ta dubi yaron.

"Aje hauyar nan, ɗan nan. Kowa da abin da Allah ya hore mai."

Ta sa aka kafa masa rumfa a tsakiyar gona. Tun hantsi har rana ta yi sanyi yana bisa yana kaɗawa, fura na iske shi a can. Wata biyu cur, ba mai cewa ya yi shiru. A nan ya koyi jita. Yakan kunna kaset ɗin, ya saurari layi guda, ya tsayar, ya neme shi a kan waya har ya samu. Batir kuwa guda huɗu ne tak ya zo da su. In sun mutu ya shanya su a rana, ya ɗan cije su da haƙori, ya mayar. Rikodar sai ta riƙa jan kaset a hankali, muryoyin Turawan suka yi kauri kamar na bijimai, kiɗan ya yi nauyi yana tafiya kamar raƙumi da kaya. Da yake abin a hankali ya riƙa sauka, Junaidu bai lura ba. Haka ya haddace waƙoƙi takwas, daram, a kan rabin saurinsu.

Ya dawo Illela da kaka, ya yi baƙi, yatsunsa sun yi kanta. Uban ya tambaya ko ya shiryu, Gwaggo ta aiko cewa ba ta taɓa samun gero irin na bana ba, a ƙara turo mata shi baɗi.

Ƙarshen shekarar soja suka karɓi mulki, aka soke jam'iyyu. Manyan lasifikokin da aka yi ta zagin juna da su lokacin zaɓe suka zama ba su da mai su. Hamidu ya samo guda, irin mai bakin kakaki, har da akwatin ƙara sautinta. Ya cire makirfo ya cusa ta tsagar jitar, ya toshe da auduga, ya haɗa da batirin mota. Ran da suka gwada, ranar Lahadi ce, kasuwar Illela na ci. Junaidu ya ja waya guda. Abin da ya fito ba sautin jita ba ne, wani gurnani ne mai tsatsa da ya ƙare da kururuwa. Jakuna uku suka tsinke da kayan albasa. Wani ɗan canji ya tattare teburinsa ya ruga, ya ɗauka wani juyin mulkin aka sake yi.

"Ta lalace," in ji Hamidu, yana neman abin kwancewa.

Junaidu ya riƙe masa hannu. "Kak ka taɓa. Shi na. Wanga kukan nika nema."

Cikin watan Afrilu aka rufe iyaka. Hanyar Ƙonni da ke cike da motoci ta koma wurin shan iskar awaki, ciniki ya koma daji, a kan babura. A bakin masu baburan nan Hamidu ya ji cewa ƙungiyar kiɗan samarin Ƙonni ta rasa mai jita, an yi masa canjin aiki zuwa Tawa. Wata Laraba suka ɗaure kaya a bayan babur, suka bi ta cikin gonaki, suka ɓulla Ƙonni da ƙaya a wando.

Shugaban ƙungiyar wani malamin makaranta ne, Mushe Lawwali, yadda ake kiran malaman boko a can, siriri mai gashin baki, ba ya rabo da taba. Suna da ganguna na Turawa, da jita biyu masu lantarki, ja da baƙa, suna sheƙi. Da Junaidu ya kwance tabarmarsa, mai ganga ya fita waje don ya yi dariya a tsanake. Mushe Lawwali ya taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Wa ya ɗaure maka su haka?"

"Ni."

"Ya nuna. To, buga mu ji."

Junaidu ya rufe ido ya buga wadda ya fi ƙwarewa a kanta. Da ya gama sai Mushe Lawwali ya ce kamar ya san waƙar, amma bai san wanda ya rasu ba. Ya karɓi kaset ɗin ya sa a rikodarsu mai aiki da wutar lantarki.

Waƙar ta fito a guje kamar an kunce doki. Junaidu ya tsaya baki buɗe. Wata biyu a kan rumfa, rana na dukan sa, ashe abin da ya haddace babu shi a duniya. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga ƙafa. Ya fara naɗe tabarmarsa ba tare da ya dubi kowa ba, yana ayyana rijiyar da zai jefa jitar a hanya.

"Ina za ka?" in ji Mushe Lawwali. "Na ce ka tahi? Wanda ya kwashe waƙa takwas da kunne, a kan wayar birki, ba a barin shi ya koma gona. Ba ka iya komi ba, amma kunnenka ya iya. Kowace Laraba ka zo."

Ya kuwa riƙa zuwa. Mushe Lawwali ba malamin wasa ba ne, da rula yake koyarwa, kamar a aji. Ya kwance masa ɗaurin wayoyi ya koya masa na gaskiya, ya sa shi ya maimaita abu guda sau ɗari, ya hana shi rufe ido don ya riƙa kallon mai ganga. Wata shida kafin a bar shi ya taɓa jan jitar. Da ya iya saurin kuma, sai Mushe Lawwali ya ce ya dawo da wancan nauyin na Tozai cikin waƙa guda su gani. Suka gwada a filin samari wata ranar hutu da yamma. Mutanen Ƙonni, da suka saba tafa wa ƙungiyar don kara, suka tashi tsaye. Kiɗan ya yi daidai da takun 'yan dambe, ga shi da gurnanin lasifikar Hamidu, wadda Junaidu ya ƙi rabuwa da ita. Aka sa su maimaita har sau uku.

A Illela kuwa uban ya ɗauka ɗansa na koyon gyaran rediyo. Ko kuma ya ga dama ya ɗauka haka.

Asiri ya tonu wata Alhamis da hantsi, a 1985. Junaidu na dawowa daga Ƙonni shi kaɗai, don Hamidu na fama da zazzaɓi, sai babur ya mutu masa daf da gari, ya turo shi ya faɗo kan sojojin sintiri. Suka kwance kaya: batir, wayoyi, akwati mai maɓallai, ga lasifika. Sajan ɗin, wani ƙato mai Hausar bariki, ya zagaya kayan sau biyu.

"Wannan oba-oba ne. Kai kana magana da wani ƙasa."

"Wallahi kayan kiɗi ne, ranka ya daɗe."

"Waye babanka?"

Junaidu ya so ya ce maraya ne, bakinsa ya ƙi, ya ce magatakardan kotu. Aka tasa shi zuwa shingen bakin gari, aka aika kotu. Kafin Malam Maccido ya iso, da babbar riga da alƙalami a aljihu, rabin garin ya riga shi.

"Malam, wannan ɗanka ne?"

Malam Maccido ya dubi Junaidu, da ƙura har gira, ya dubi lasifikar. "Haka anka rubuta."

"Ya ce wannan kayan waƙa ne. In ƙarya ne, Sakkwato zai kwana. Kai, haɗa. Buga."

Junaidu ya haɗa wayoyin. Bai taɓa kiɗa a gaban ubansa ba. Ya rasa wadda zai yi, ta Turawa ba ta zo masa ba, sai wata da ya ƙaga da kansa a kan hanyar daji, wadda ko Mushe Lawwali bai ji ba. Ya saki gurnanin, ya bar shi ya yi tsawo, sannan ya ɗaga murya:

"Jakin Dabo ba shi da fasfo,
ya karya a Illela, ya yini Ƙonni,
soja ya ce tsaya, ya kaɗa kunne."

Wani ya fashe da dariya a baya, ya yi maza ya toshe baki. Kowa ya dubi sajan. Sajan ya ɗaure fuska iyakar ƙarfinsa, amma takalminsa na dama ya riga ya fara bin kiɗan. Da aka zo amshi karo na biyu, masu babura suka karɓa, 'yan mata masu tallar gyaɗa suka karɓa, wani kofur ya rataye bindiga ya shiga fili. Dabo mai jakin, da ke cikin taron, ya riƙa nuna ƙirjinsa yana cewa nasa ne. Junaidu ya manta da soja, ya manta da kotu, ya durƙusa a ƙasa yana jan waya guda har ta tsinke.

Sajan ya share hawayen dariya ya ce lallai kayan waƙa ne. Sannan ya ce amma tsallaka iyaka laifi ne, ya sa shi tsallen kwaɗo daga shinge zuwa gindin wata bedi, sau biyar, jama'a na ƙirga masa da amshin waƙarsa.

Suka kamo hanyar gida, uban a gaba, ɗan a baya yana tura babur, cinyoyinsa na karkarwa. Sai da suka wuce tasha Malam Maccido ya yi magana, bai juyo ba.

"Wanga abu, koyon shi aka yi, ko ciwo na?"

"Koyo ne, Baba."

"Na saurara da kyau. Ban ji ka wasa kowa ba. Jaki kaɗai ka wasa." Ya yi 'yan taku. "In ka yi wa mai kuɗi kirari, ban yahe ba. In ka bar salla, ban yahe ba. Sunan gidanmu kuma ka bar shi gida, kak ka hau da shi bisa dandamali."

Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba har ya yi ritaya.

Da aka buɗe iyaka a 1986, Junaidu ya bi ta kan titi a karo na farko, da takarda a hannu, ya tafi Yamai tare da ƙungiyar. Shekarar farko sun sha wuya, su biyar a ɗaki guda, suna kiɗa a otal inda baƙi suka fi kula da kajin da ke gabansu. Mushe Lawwali ya gaji ya koma aji. Junaidu ya zauna, ya tara wasu, ya riƙa rera rok da Hausar Sakkwato, a kan direbobi da 'yan canji da masu gashin kifi. Suka yi kaset, suka je Maraɗi da Damagaram, har Kwatano. A bangon kaset ɗin an rubuta Jo Illela, ga hotonsa da baƙin tabarau, yana harara kamar an ci masa abinci.

A 1988 ya zo gida bikin ƙanwarsa Lubabatu. Ya sauka a tasha cikin zafin bazara sanye da rigar fata, gumi na bin sa, gashi ya yi tsiri, masu babura na ihu suna bin sa a baya. Ya shiga gida ya gaida kowa, ya ce ya zo da kaya, zai yi wa amarya wasa kyauta, irin wanda ake biyan sefa dubu a shiga a Yamai.

Lubabatu ta ja shi gefe, lalle a hannunta. "Yaya, don girman Allah ka rufa mini asiri. Dangin mijina mutanen kirki ne. Mun riga mun kira masu kalangu."

"Ke kin san ko ni wane ne a Yamai?"

"Na sani. Nan kuwa kujeru munka rasa mai ɗaukowa."

Ya tuɓe rigar fatar ya rataye a ƙofa, ya yi sawu bakwai tsakanin makarantar firamare da gida, kujera huɗu-huɗu a ka. Da masu kalangu suka fara, ya samu wuri kusa da babbansu ya tsuguna, yana kallon yadda tsohon ke matse ganga a hammata yana sa ta magana. Har aka watse bai tashi ba. Washegari ya bi tsohon gida da goro, ya ce ya zo a nuna masa, ya ƙara kwana goma a kan ukun da ya yi niyya.